Babi na Shida: Injin Samfefa Ɗan Kwatano

Ba shinkafa da atamfa kaɗai ke shigowa ƙasar Bagudo ta yamma ba. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano hanya takan miƙe arewa, ta ratsa Paraku har Kandi, a nan ta rabu. Wani reshe ya nufi Segbana ya faɗo Tsamiya, wani ya zarce Malanbil, inda ake gangarowa ta Madekali a shigo Lolo da Illo. A ƙarƙashin buhuna da dilolin gwanjo akan sami tsofaffin kayan aiki da Turai ta gama da su: injin huda, injin yanka, injin walda, jefi-jefi kuma ƙaramin injin samfefa mai bel, irin wanda ake ɗaurewa a kan teburi. Yakan iso ba kwali, ba takardar bayani. In ma an ci sa'a takardar na nan, da Jamusanci take ko Faransanci.

Injin ba shi da wani sirri. Rola biyu ne, ɗaya moto ke juya ta, ɗayar kuwa bi take yi. An zagaye su da bel na ƙyalle mai yashi a bayansa, a ƙarƙashin bel ɗin kuma akwai farantin ƙarfe shimfiɗaɗɗe wanda ke tokare shi idan ka ɗora katako. Mafi yawansu suna da faifan samfefa a gefe da ɗan teburinsa. Wanda aka fi gani shi ne mai bel inci 4 a faɗi, inci 36 a kewaye, da faifai inci 6. Akwai kuma siriri mai inci 1 da 30, wanda masu wuƙaƙe suka fi so. Kafinta na gyara ƙafar kujera da shi, mai takalmi na kankare ƙasan fata kafin ya shafa gam, mai sassaƙa allo ko filafilin kwalekwale a bakin Kwara na ɗauke sawun gizago da shi cikin ɗan lokaci. Aikin da yaro zai wuni yana yi da hannu, injin zai gama kafin shayi ya huce.

Amma ka leƙa bayan shagunan kafintoci daga Bagudo zuwa Ka'oje, ba za ka rasa ganin irinsa a jingine ba, ƙura ta rufe shi, an ɗora gwangwanin fenti a kansa. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: kwayil ya ƙone. Ni dai ban cika yarda da wannan hukunci ba. Moton waɗannan injina abu ne mai taurin rai, kuma shi ya kamata ya zama na ƙarshe da za a tuhuma. Gaba da shi akwai wuta, akwai bel, akwai ƙura, akwai hannun mai aikin kansa. A garin da sai ka je Koko ko Jega, wani lokaci har Kano, kafin ka sami kayan gyara, sanin abin da za a fara dubawa shi ne rabin kuɗin gyaran.

Tun a wurin ciniki ake fara kuskure. Jikin kowane moto akwai ɗan faranti ko takarda mai rubutu, kuma abu biyu kake nema a kai. Na farko ƙarfin wuta. Najeriya da Benin duka wutarsu tsakanin bolt 220 ne zuwa 240, haka Turai, don haka injin da ya fito daga Jamus ko Faransa, irin su Einhell da Scheppach da Parkside, ba shi da matsala da mu. Amma kwantenar Kwatano ba Turai kaɗai take ɗebowa ba. Akwai kayan Amurka da Kanada, kuma a can bolt 120 ake amfani da shi. Ka sa irin wannan a soket ɗinmu kai tsaye, ƙauri za ka ji, shi ke nan an yi asara. Kada ka dogara da kan fulogi, domin sau da yawa an riga an yanke na asali an sa wani tun a hanya. Farantin za ka karanta.

Abu na biyu shi ne inda aka rubuta 50Hz ko 60Hz. Wutarmu mai 50 ce, ta Amurka mai 60. Taransifoman rage wuta zai saukar maka da bolt, amma ba ya taɓa wannan lissafin. Moton da aka ƙera don ya yi juyi 3,450 a minti a Amurka, a nan wajen 2,850 zai yi, wato kashi ɗaya cikin shida na gudunsa ya tafi, kuma zai fi saurin ɗaukar zafi. Zai yi aiki, ba a ce ba zai yi ba, sai dai a riƙa ba shi hutu, musamman a watan Afrilu da zafin wannan yanki ke haura digiri 40. Taransifoman kuma ya ninka ƙarfin injin aƙalla sau biyu ko uku. Wanda ake jona wa rediyo ba zai ɗauka ba.

Ga abin da ya fi faruwa a shago. Yaro ya danna makunni, injin ya yi gurnani, bel bai motsa ba. Ya waiwaya: "Maigida, ya ƙiya." Maigida daga bakin ƙofa, fensir a kunne: "Mi af faru kuma? Kashe shi maza!" Wannan umarnin daidai ne, domin moton da ke gurnani bai juya ba, wuta yake zuƙa ninkin ba ninkin, kuma a haka ne kwayil ke ƙonewa da gaske. A kashe, a zare fulogi, sannan a ja bel da hannu. In ya ƙi tafiya ko yana tafiya da ƙyar, matsalar ba ta wuta ba ce, wani abu ne ya cije: guntun katako ya faɗa tsakanin bel da murfi, ko garin katako ya dunƙule a bayan faifai, ko boris ya kafe. In kuwa yana tafiya sumul, to a duba wutar. Kwan fitila da ya yi ja, fanka na juyi kamar ba ta so, duk alamun raunin wuta ne, kuma irin wannan moto ba ya tashi da raunanniyar wuta. Doguwar siririyar waya da aka jawo daga shagon maƙwabci ita ma tana cinye ƙarfin kafin ya iso.

Maganar janareta ma haka take. Moto mai wat 375 yana iya neman ninki uku zuwa biyar na wannan a daƙiƙar da zai tashi. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, mai 950 a rubuce a jiki, ainihin abin da yake bayarwa bai kai haka ba. In akwai fitilu da cajin wayoyi a kansa, sai ka ji ya shaƙe da zarar an kunna injin. A sauke masa komai, a tayar da injin samfefa shi kaɗai ba katako a kai, sannan a mayar da sauran.

To, wuta lafiya, bel na tafiya da hannu, amma har yanzu gurnani? Kusan kullum kafasita ce, ɗan gwangwanin nan ko ƙaramin akwatin roba da ke maƙale a jikin moto ko a ƙarƙashin injin. Ita ke ba moto turin farko. Alamarta, in aka ɗan tura bel sannan aka kunna nan take, sai injin ya ɗauka. Wasu sun mai da wannan al'ada, kullum sai an tura, har ranar da kwayil zai gaji ko yatsa ya shiga. Kafasita abu ne mai araha. A cire ta bayan an zare fulogi, kada a taɓa ƙafafunta da hannu domin tana riƙe wuta, a kai wa mai kayan lantarki ya karanta lambar da ke jikinta ya ba da mai lamba ɗaya. Ta fankar sama, mai 2.5, ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ko da mai shago ya rantse maka duk ɗaya ne.

Yanzu bel, wanda shi ne tushen yawancin ɓacin rai. Farko dai girmansa. A ɓangaren Benin da milimita ake awo, a namu ana cakuɗa inci da milimita, sai mutum ya ɗauka kaya biyu ne alhali ɗaya ne: 100 x 914 shi ne inci 4 x 36, kuma 25 x 762 shi ne inci 1 x 30. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa na injin hannu ne, 75 x 533 da 100 x 610, kuma ba za su shiga na teburi ba. In za ka yi saƙo wurin direban Kano ko mai zuwa Malanbil, ba shi tsohon bel ɗin ko da ya tsinke, ko ka zagaya rolar biyu da igiya ka yanke daidai ka ba shi. Masu irin wannan inji sun ji jiki lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa ƙarshen 2020, domin ƙananan kaya irin wannan su suka fara ɓacewa, kuma tun daga lokacin masu wayo ba sa zama da bel ɗaya.

Juya bel ɗin ka dubi cikinsa. Akwai lambar kaushi: 36 ko 40 na cin katako da sauri, 60 da 80 na aikin yau da kullum, 120 zuwa sama na laushi. Akwai kuma kibiya a yawancinsu. Inda aka haɗa bakin bel, wani gefe ya hau kan wani, kuma kibiyar na nuna yadda zai juya ba tare da katako ya riƙa tuntuɓe da bakin haɗin ba. Ka sa shi a juye, ba zai daɗe ba zai ɓalle, ya yi ƙara kamar an harba bindiga, ya mari duk abin da ke kusa.

Sai babbar matsala, bel mai gudu gefe. Ka kunna, ya fara zamewa hagu a hankali har ya dinga cin murfin inji, ko ya fice dama ya bar rola tsirara. A gefen rolar gaba akwai notin saiti mai kan roba, wanda ke ɗan karkata rolar. Kuskuren kowa shi ne murɗa shi da yawa. Bel ba ya amsawa nan take, sai ya yi zagaye da yawa, don haka mai gaggawa yakan murɗa, bai ga canji ba ya ƙara, sai bel ya kwasa da gudu zuwa ɗaya gefen, ya dawo da shi, haka za su yi ta yi. Yadda ake yi: injin a kashe, ka daidaita bel a tsakiya, ka ja shi da tafin hannu zagaye biyar ko shida kana kallon bakinsa da bakin rola. In ya karkata, murɗa kwata ɗaya kawai, ka sake ja. Sai ya zauna da hannu sannan ka kunna ka kashe, ka kunna ka kashe, kana gyarawa kaɗan-kaɗan.

In duk da haka ya ƙi zama, ruwa ba ya tsami banza. Cire bel ka shafa rolar da yatsa. Za ka ji an ƙera ta da ɗan tudu a tsakiya, ba a miƙe take ba, kuma wannan tudun ne ke riƙe bel, domin bel kullum wurin da ya fi tudu yake hawa. Garin katako da ƙaro in suka manne a gefe ɗaya, sun yi nasu tudun ke nan, bel kuwa can zai nufa. A kankare da guntun katako, a goge da ƙyalle mai ɗan kananzir, a bari ya bushe sarai. In tudun ya cinye saboda tsufa, zagaye biyu ko uku na salatif ɗin lantarki a daidai tsakiyar rola yakan dawo da shi. Wani lokaci kuma laifin bel ɗin ne. Mai aikin da kullum gefe ɗaya yake dannawa ya miƙar da wannan gefen, babu saitin da zai gyara shi. Gwada sabo. Kafin ka mayar, ɗora rula ta ƙarfe a kan farantin da ke tokare bel, ka duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. Farantin da ya yi kwari ba zai taɓa ba ka miƙaƙƙen katako ba, sai a sa maƙeri ya yanko wani ko a shimfiɗa masa sabon ƙarfe. Kada a zuba masa mai.

Itatuwanmu ma suna da nasu hali. Maɗaci da malaina ba su da rigima. Kirya da madobiya da ƙawo masu tauri ne, suna son bel mai kaushi da haƙuri. Maje kuwa da duk ɗanyen katako, da wanda ke da tsohon fenti, toshe samfefa suke yi. Zafi ya narkar da ƙaron, ya haɗu da gari ya cike tsakanin yashin, bel ya koma santsi yana ƙona katako baƙi maimakon ya ci. A nan ne mai aiki kan ƙara dannawa da ƙarfinsa, moto ya rage gudu, zafi ya ƙaru. Mafi yawan bel ɗin da ake jefarwa ba su cinye ba, toshewa suka yi. Ɗauki tsohon takalmi mai ƙasan ɗanyen roba, ka danna shi a kan bel yana juyawa, za ka ga dattin na zubowa, launin yashin na dawowa. Nauyin hannu kaɗan ya isa. In sai ka danna sannan yake ci, lambar kaushin ce ba daidai ba ko bel ɗin ya gama.

Ajiya kuma sai an kula. Gam ɗin da ya riƙe haɗin bel ba ya son zafi, ba ya son laima, mu kuwa muna da su duka: rufin kwano a bazara, damshin fadama da bakin kogi a damina. Bel ɗin da ya shekara biyu a rataye jikin ƙusa ƙarƙashin kwano yana iya tsinkewa ranar farko. A ajiye su a inuwa, nesa da ƙasa, kada a lanƙwashe. In an tashi aiki a sassauta hannun da ke ɗaure bel, sifirin ya huta. Masu yanka samfefar nadi su haɗa da kansu, ban hana ba, tunda rashi ne ya kawo. Amma a nemi mai bayan ƙyalle ba takarda ba, a yanka a karkace, a kankare yashin inda za a ɗora, kuma a sani gam ɗin takalmi yana saki in ya ji zafi. Ranar gwaji a tsaya a gefe.

Ƙara ma tana magana. Bugu ɗaya a kowane zagaye, haɗin bel ne. Ƙugi mai kaushi da ke ci gaba ko an cire bel, boris ne. Ɗora bakin sukundireba a kusa da kowane boris, ka kafa kunne a ƙotar, mai laifin zai bayyana kansa. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar tafiya, domin lambobin da ke cikin waɗannan injina, irin su 6201 da 6202, su ne dai a wurin masu kayan babur da injin ban-ruwa. Nemi mai 2RS a ƙarshen lamba, wato mai murfin roba gefe biyu, ya fi mai ZZ hana ƙurar hunturu shiga. Wajen sawa a kan sanda, a sami bututu daidai da zoben ciki a buga a hankali. Wanda ya bugi zoben waje ya kashe boris tun bai fara aiki ba. In kuwa moto na juyi amma bel na tsaye, ko yana tsayawa da an ɗora katako, buɗe murfin gefe: ko fambel ya saki, ko haƙoransa sun zube, ko ɗan notin da ke riƙe fuli ya kwance, alanki kawai yake jira. Lambar fambel takan goge da wuri. Rubuta ta a bango yau.

Gab da Babbar Sallah mutane kan yi layi da wuƙaƙe, kuma mai inji yakan sami na cefane. Ka tsaya kusa ka kalli bakin wuƙar. Da farko fari ne, sai ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar karan dawa, in aka ci gaba ya koma shuɗi. Wannan shuɗin na nufin ƙarfen ya kai wajen digiri 300, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi, kuma wuƙar za ta dakushe tun ba a gama fiɗar rago ɗaya ba. A ajiye gwangwanin ruwa a kusa, shafa ɗaya tsoma ɗaya, bakin wuƙa na kallon inda bel ke tafiya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tartsatsi. Cikin injin cike yake da garin katako busasshe, tartsatsi ya faɗa ciki ba ya kamawa nan take, sai ya yi ta ci a ɓoye har a rufe shago a tafi sallar Magariba. Kafin a taɓa ƙarfe a share injin tas, a cire buhun ƙura in akwai, bayan an gama kuma a sake dubawa.

Ƙurar da kanta ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, musamman a hanci. Takunkumi da tabarau ba ƙwalisa ba ne. A fito da injin inda iska ke wucewa. Hannun riga a naɗe, carbi a aljihu, jelar rawani a soke, safar hannu kuma a cire ta, domin bel in ya kama zare ba ya saki. A faifan gefe, ɓangaren da ke gangarowa ƙasa ake aiki, kuma tazarar teburi da samfefa kada ta wuce milimita 2, don kada yatsa ko guntun katako ya shige.

Akwai ranar da kwayil kan ƙone da gaske, kuma ba ya ɓuya: ƙaurin fenti mai ƙuna daga cikin moto, waya ta yi baƙi in an buɗe, fis na tsinkewa da an kunna, ko jikin injin na jan mutum. Wannan na ƙarshe a daina amfani da shi nan take, a kuma duba wayar ƙasa, wadda akan yar idan aka yanke fulogin Turai aka cusa tsirarar waya biyu a soket. A irin wannan hali ne kawai za ka ɗora shi a babur zuwa wurin mai naɗin kwayil. Ka ce masa ya ƙirga naɗin tsohuwar wayar ya auna kaurinta kafin ya yanke, ya kuma sa ta jan ƙarfe zalla. In ya dawo, kada ka jona shi a wayar da ta ƙona shi tun farko sai ka sauya ta.